Kifi Ɗaya

Eduvigis ta rubuta cefanen a bayan takardar kuɗin wuta:
kifi ɗaya, lemun tsami, albasa, kyandir tamanin da biyu.
Ta ja layi ƙarƙashin kifi ɗaya,
don shekara talatin da huɗu ke nan ta san hannuna.
Surukata Clotilde ce ke ƙara shekara.
Ta ce ba ta son biki,
ma'ana in ba a yi ba, duk Valparaíso sai ta ji a jikinta.

Na fita da jikana Nahuel, da Almirante,
karen da muka tsinta bara a tashar jiragen ruwa:
ƙafa uku, kunne ɗaya da rabi,
amma taku irin na wanda ke bin gari bashi.
Likita ya ce ba zai ga ƙarshen wata ba.
Likitan ya yi ritaya.
Almirante na kwana a kujerata, ni ina kan benci.

A tsohon akwatin katakon nan mai sauke mutane daga dutse,
mai kuka kamar gwiwoyina da asuba,
na zaro takardar in duba.
Almirante ya riga ni dubawa. Ya haɗiye.
Nahuel ya ce, "Kaka, ya rage maka kusurwa."
Kusurwar ta ce: biyu.

Biyun me?
Na tambayi kare, ya yi gyatsa.
Na ce to, wanda bai san gari ba ya bi na gaba:
lemu biyu, albasa biyu, kyandir biyu,
kifi biyu daga teburin Fresia,
wadda ta rantse min da safen nan suna iyo,
alhali idon ɗaya ya ga jiya da shekaranjiya.

Ina ƙirga canji, sai inuwa ta sauko.
Kwasakwasa, baki kamar jakar ɗan aike,
ya ɗauke ɗaya, mai kyan, ya hau rufin kwano
yana kallona kallon mai karɓar haraji.
Masunta suka tafa masa.
Na ce ashe har tsuntsu ya fi ni sanin lissafin matata.

Motar da muka hau lambarta daidai ce,
fuskarta ce ba daidai ba.
Muka tafi, teku a hagu, teku a hagu,
Nahuel ya ce, "Ba a dama ya kamata ya zama ba?"
Na ce yaro, teku na da ikon zama inda ya so.
A Concón direba ya kashe inji, ya ce iyakarta ke nan.

Muna jiran ta komawa na ajiye kwando minti uku.
Uku kacal, Allah shaida.
Da na ɗauka ya ƙara nauyi, ga shi yana gurnani.
Cikinsa 'yar kyanwa, launin toka, duk ƙashi,
ta kama kifin da hannu biyu kamar gādon ubanta.
Almirante, da na zata zai yi shari'a,
ya lashe mata kai.

Mun iso bayan faɗuwar rana
da rabin kifi, ɓangaren wutsiya.
Eduvigis ba ta ce komai ba. Wannan shirun na san kuɗinsa.

Clotilde ta dubi kek, ta dubi kyandir biyu,
ta gyara gashinta, ta ce,
"A gidan nan Baltasar kaɗai ke da ladabi."
Ta hure su da numfashi guda, ta ɗora kyanwar a cinya,
muka ci albasa da burodi.

Yau Asabar, an sake aike na.
Eduvigis ta rubuta cefanen a dantsena da biro.
Muna cikin akwatin katako yanzu,
Almirante ya lashe layi na farko.